Kwarashi a Hannun Hagu

"Sharaɗi biyu gare ni," in ji tsohon Direba, ya ɗaga yatsu biyu kamar mai tsayar da mota a bakin titi. "Na farko, kujerata ta dawo falo. Na biyu, maganar nan daga ni sai ke sai Allahn da ya halicce mu."

Matarsa ta dube shi ta saman tabarau. "Kujerar da aka tokare ƙafarta ɗaya da bulo?"

"Ita fa."

"Na ji. Amma in an yi baƙi zan lulluɓe ta da zane."

"Ki lulluɓe ta da bargo ma in kin so. Na biyun fa?"

"Ko a gaban alƙali ba za a ji daga bakina ba."

Ya miƙa mata hannu irin na mutanen tasha in ciniki ya faɗa. Ita kuwa sai ta miƙo na hagu, domin na daman ya kwana biyu ba ya damƙuwa. Wannan hannun shi ne tushen cinikin.

Duk unguwa Mai Kwarashi ake kiranta. Tun haihuwar jikarsu ta fari, babu hutun ƙarshen shekarar da 'ya'ya za su zo da nasu 'ya'yan ba ta fito wa kowane jika da abin da ta saƙa masa ba: wannan hula, wancan safa, waccan 'yar jakar rataya. Bana jikoki sha ɗaya ne. Ta gama na bakwai, sai gaɓoɓin yatsunta suka kumbura, kwarashi ya riƙa suɓucewa yana faɗuwa ƙasa. Saura huluna huɗu, saura mako uku a rufe makarantu.

Da a ce huluna ne kawai, da Direba ya shiga kasuwa ya dawo kafin shayi ya huce. Amma akwai babbar 'yarsu, ma'aikaciyar asibiti, wadda har iyayenta Nas suke ce mata. Bara da ta zo ta matsa yatsun uwar ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Mama, ranar da hannun nan ya kasa riƙe kwarashi, ranar zan tattara ki mu tafi gidana. Baba ba zai iya da ke ba, mutumin da ko shayi sai an haɗa masa." Nas kuwa ba ta magana biyu. Direba ya san gidan nata: hawa na huɗu, babu tsakar gida, babu maƙwabcin da zai ce maka ina kwana, sai taga ɗaya mai kallon bangon wani. In aka kai Mai Kwarashi can, shi ma can zai ƙare, gidan da suka shekara arba'in a ciki kuma a sa masa kwaɗo. Saboda haka dole huluna su cika sha ɗaya, kuma dole su fito da kamannin aikin gida.

Washegari da hantsi aka saki labule, aka sa sakata, Direba ya fara karatun saƙa.

Mutumin da ya shekara talatin da biyar yana jan babbar mota, ya ɗauka abin wasa ne. Ɗan ƙarfe mai ƙugiya, bai kai tsawon biro ba, da curin zare. Ya karɓa da ƙarfin gwiwa, ya kwana biyu bai haɗa sarƙar farko ba. Matsalar kuwa bahago ne. Tana zaune a gefensa tana nuna masa da dama, shi yana juyawa a kansa zuwa hagu, kafin ya gama juyawa zare ya gudu.

A rana ta uku ta ce, "Taso ka zauna a gabana. Gwiwa da gwiwa. Kada ka yi tunani, Malam, tunaninka ne ke ɓata mana aiki. Ka ɗauka madubi kake kallo, abin da na yi ka yi."

Ta cije leɓe ta riƙe kwarashin, ta yi madauki uku a hankali. Ya bi ta. Ikon Allah, sai ga sarƙa ta fito.

Daga nan sai wata sabuwa: jan zare. Hannun da ya saba ɗaure tamfol a kan kaya bai san sassauci ba. Abin da ya fara saƙawa ya yi tauri har yana tsayuwa da kansa a kan tebur.

"Wannan hular wa ce?" ta tambaya.

"Ta autan Nas."

"Kan yaron ƙwai ne? Warware."

"Haba Tsohuwa, aikin wuni guda ne fa!"

"Jikana zai sa, ba buhun siminti ba. Warware."

Ya warware yana gunaguni. Ya sake, ta sake cewa warware. Sau biyar. A na shida ta murza saƙar tsakanin yatsun hagu, ta miƙa masa ba ta ce komai ba. Ya san matarsa, wannan shirun lambar yabo ce.

A cikin kwanakin nan Direba ya gano abin da ya yi shekara da shekaru yana kallo bai gani ba. Shi dai ya san tana zaune tana motsa yatsu, ya ɗauka hutu ne irin na mata. Ashe kowane zagaye da lissafinsa: nan a ƙara ɗaya, can a rage biyu, in ka yi kuskure a zagaye na huɗu sai a na goma zai tona maka asiri. Shi in yana ƙirga, ko tari aka yi a waje sai ya koma farko. Ita kuwa da wannan lissafin a ka take sauraron rediyo, ta amsa sallama, ta san tukunya ta kusa ƙonewa, ta kuma yi masa faɗa a kan takalmin da ya bari a ƙofa. Kuma ba ta taɓa auna kan jika da tef ba. In ta shafa kan yaro bara, ta san girman da zai yi bana.

"Da mota kika koya," ya ce mata wata rana, "da kin raba mu da abincinmu."

"Ƙirga dai, ka tsallake ɗaya."

Tunda idonsa ya koma kan hannunta, sai ya fara ganin sauran abubuwan da hannun ya daina iyawa. Ba tare da an yi maganar ba, ya zama shi ke buɗe murfin kwalba, shi ke matse wanki, shi ke shafa mata man zafi safe da yamma.

Sau ɗaya kawai aka kusa yin abin kunya. Amininsa Bakanike, wanda bakinsa ya fi sifanarsa aiki, ya buga ƙofa da azahar. Direba ya cusa saƙar ƙarƙashin riga ya fito, zare ja yana biye da shi tun daga falo kamar jela.

"Kai kuma fa? Kwana nawa ba ka fito majalisa ba. Mene ne wannan ke bin ka?"

"Zaren Tsohuwa ne, ya maƙale mini a ƙafa. Ka san gidan masaƙa."

"Allah ya kyauta. Na ɗauka ta ɗaure ka ne kada ka ɓata."

Kwana biyu kafin hutu, huluna huɗu suka kammala. Mai Kwarashi ta jera su cikin sauran, ta ja baya ta duba, ta ce ko ita sai ta lura.

Gida ya cika ranar Asabar. Takalma suka taru a ƙofa kamar kasuwa, katifu suka fito daga ɗakin ajiya, aka rasa wanda ya zauna a kan na'urar canja tasha. Jikoki mata suna ta tsokanar kakansu: "Angona, ka tsufa, na fasa!" Shi kuma yana cewa dama ya gaji da amaryar da ba ta iya wanke fuska ba. Washegari bayan an ci abincin rana, Mai Kwarashi ta sa aka ɗauko kwando. Har Bakanike ya shigo gaisuwa, ya samu wuri ya zauna. Aka yi ta kiran yara ɗaya bayan ɗaya, kowa ya karɓa ya ruga wajen madubi.

Direba yana kan kujerarsa yana murmushi, har ya fara jin daɗin nasara, sai ya ga Nas ta cire hular kan autanta. Ta juya ta. Ta kira ɗan ƙaninta ta cire tasa ita ma, ta haɗa su a cinya. A nan gabansa ya faɗi, domin ya tuna a gindin uwarta ta koyi saƙa tun tana 'yar shekara tara. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

"Mama," in ji Nas, "wannan saƙar ta kwanta ta nan, wannan kuma ta kwanta ta can. Ɗaya ta zagaya dama, ɗaya ta zagaya hagu. Bahago ne ya saƙa hular nan."

Direba da matarsa sun auna launi, sun auna girma, sun auna taushi. Abin da bai zo musu a rai ba shi ne, aikin madubi a juye yake fitowa.

"Miƙo hannunki."

Mai Kwarashi ta miƙa. Nas ta dubi kumburin, ta matsa a hankali, uwar ta runtse ido.

"Tun yaushe? Shi ne kika ba wata a unguwa ta saƙa miki don ki rufe ni? Wace ce?"

"Ba zan faɗa ba."

"To shi ke nan. Ni ba faɗa zan yi ba, Mama. Amma wa zai ɓalle miki maɓalli, wa zai ɗaga miki tukunya? Baba? Ranar Laraba za mu tafi tare."

Direba ya dubi matarsa. Kalma ɗaya ta ishe ta: ga shi nan, shi ne. Ya ga leɓenta ya motsa, ya ga ta dubi Bakanike da surukai maza biyu da ke zaune, sannan ta sunkuyar da kai.

"Na ji," ta ce. "Zan haɗa kayana."

Wato matar nan za ta bar gidanta, da tsakar gidanta, da maƙwabtanta na shekara arba'in, don kada a yi wa tsoho dariya a majalisa. Direba ya yi hulɗa da mutane iri-iri a kan hanya, ya ga masu rantsuwa da abin da ya fi wannan su warware kafin a kai gari na gaba. Bai taɓa ganin mai riƙe ciniki haka ba. Ya ce a ransa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Ke Nas," ya ce, "bahago nawa kika sani a gidan nan?"

Ta dube shi, ta dubi hular, sai dariya ta ƙwace mata. "Baba, don Allah ana maganar gaske."

"Miƙo mini kwandon can."

Ya zaro kwarashi da ragowar zare shuɗi, ya gyara zama, ya naɗa zaren a yatsa. Manyan yatsun nan masu kanta suka shiga aiki. Sarƙa ta fito, ya haɗe ta, ya hau zagaye na farko yana ƙirga a fili. Jikoki suka yanyame shi. Bakanike ya buɗe baki ya manta bai rufe ba.

"La ilaha! Direba! Ashe jelar nan taka ce?"

"Yi mini shiru, za ka ɓata mini lissafi."

"Sassauta," in ji Mai Kwarashi a hankali. "Kana ja."

Nas ta daɗe tana kallon hannun ubanta. Da ta buɗe baki, muryarta ta sauya. "Sau nawa ta sa ka warware?"

"Biyar, a hular farko kawai."

"Ni sau uku na yi na jefar da shi na yi kuka." Ta share ido da gefen mayafi. "To ku ji nawa sharaɗin. Gobe zan kai ta a duba hannun nan. Magani kuma a kan lokaci, Baba, kai zan riƙa tambaya, ba ita ba. In na kira na ji an yi wasa, da mota zan zo."

"Mutumin da ke riƙe lissafin zagaye goma sha takwas, ƙwaya biyu ce za ta gagare shi?" in ji Direba.

Ranar Laraba motoci suka tashi da yara sanye da huluna, Mai Kwarashi tana tsaye a ƙofar gidanta tana ɗaga musu hannun hagu.

In ana maganar riba da asara, Mai Kwarashi ce ta ci kasuwa: ta zauna a gidanta, ta samu ɗalibi, kuma ba ta karya alkawari ba. Nas ta zo ɗaukar uwa ta koma hannu wofi, amma an ce ta fi kowa sakin fuska a hanya. Wanda ya yi asara Direba ne, domin kafin magariba Bakanike ya kai labari har inda ba a aike shi ba, aka yi wata guda ana tambayarsa a majalisa ko yana karɓar aikin kayan jarirai. Ya bar su suka yi ta yi. Da sanyi ya matsa, masu dariyar ne suka riƙa zagayowa ɗaya-ɗaya, kowa yana rage murya, yana tambaya ko za a samu hula baƙa mai rufe kunne.