Injin Dalmar Viggo

A tashar jiragen ruwa ta Tejn, a tsibirinmu, in aka ambaci Holger kowa yana da nasa labarin. Mai sayar da man jirgi ya ce in Holger ya taka maka ƙafa, tsayawa yake yi ya jira ka ba shi haƙuri. Matar Holger, wadda yayata ce, ta ce tun da suka yi aure abin da ya fi kama da ban haƙuri da ta taɓa ji daga bakinsa shi ne, "To, ai ya wuce." Aksel kuwa, abokin kamun kifinsa, cewa yake yi mutumin ba mugu ba ne, bakinsa ne dai aka manta ba a sa wa burki ba.

Jan ƙugiya a bayan jirgi aikin mutum biyu ne. Ɗaya na riƙe da sitiyari, ɗaya na baya wajen fatsa. Shekara da shekaru Aksel ne a sitiyari yana shiru, Holger a baya yana surutu, kuma kifin salmon bai taɓa kawo ƙara ba.

Da sanyin bana injin tsohon jirgin Holger ya mutu murus. Sai aka ji wani Mogens a garin Nexø zai sayar da nasa. Muka tafi mu uku, ni da Holger da Aksel. Ni an ɗauke ni ne don motata ce mai jan tirela.

Jirgin shuɗi ne, an sha yi masa fenti, ya bi hannun mutane da dama. Holger ya fara abin da kowane mai saye ke yi: ya ƙwanƙwasa nan ya ce ya ruɓe, ya shinshina can ya ce injin na yoyo. Mogens na murmushi, don shi ma haka ya yi lokacin da ya saya. Har aka iso kan injin dalma, wato na'urar da ke gefen jirgi mai naɗe waya, da ƙwallon dalma a bakin wayar, ita ke kai ƙugiya can ƙasa inda salmon ke yawo. Wannan ba ta kanti ba ce. An haɗa ta da sarƙar keke da fedar keke, da wani faranti da na rantse murfin tukunya ne. Mogens ya ce da ita ya sayi jirgin, bai taɓa amfani da ita ba.

Holger ya yi dariya har da dafa gwiwa.

"Aksel, zo ka ga ikon Allah. Wane jakin ne ya ƙera wannan? Shi da wanda ya yarda aka ɗaura masa, ban san wanda ya fi wani ba."

Aksel ya zo, ya ɗora hannu a kan fedar, ya daɗe yana kallonta. Sai ya ce zai jira mu a mota.

Aka yi ciniki, aka sha kofi a kai, muka jawo jirgi zuwa gida. A hanya Holger na ta lissafa irin kifin da za su kama. Aksel na kallon gonaki.

Ranar da aka sa za a fita, Aksel bai zo ba. Aka sake sa rana, ya aiko cewa bayansa na ciwo. Da yamma kuma aka gan shi yana sauka daga jirgin Svend, maƙwabcinmu, riƙe da akwatin kifi a kafaɗa.

Bodil, matar Aksel, ita ta warware mana a layin gidan burodi, da murya yadda kowa zai ji. Jirgin na Viggo ne, ƙanen Aksel da ya rasu. Aksel ne ya ƙera masa injin da hannunsa, daga keken da suka yi yarinta a kai, a shekarun da Holger ke yawon duniya a manyan jiragen dakon kaya. Bayan rasuwar aka sayar da jirgin, ya ɓace musu, sai ranar nan.

"Jakuna biyun da kake tambaya ke nan," ta ce wa Holger. "Ɗaya na kabari, ɗaya na gidana yana cin abinci ba ya magana."

Na zaci daga nan gidan Aksel za mu wuce. Ina! Holger ya bi ta hanyoyinsa. Ya ajiye bandar kifi a ƙofar Aksel. Aka cinye, ba a ce komai ba. Ya aika da kwalaben giya. Aka dawo da kwalaben, babu giyar. Ya kwance injin dalmar ya wanke, ya sa wa sarƙar mai, ya goge murfin tukunyar har yana ɗaukar ido, sannan ya ɗaure jirgin daidai inda Aksel ke wucewa kowace safiya. Aksel ya wuce, ya duba, ya ce wa Svend kamar za a yi iska.

Yayata ta ce wa Holger kalma ce fa guda, ba haƙori za a cire masa ba. Ya ce ai Aksel ya gane. Lokacin salmon dai na ta tafiya, ana ta sauke kifi a tasha, shuɗin jirgi na ɗaure.

Ƙarshe ya ce in zo in riƙe masa sitiyari. Na gaya masa iyakata mota. Ya ce ruwa ma hanya ce, sai dai babu kwalta.

Ranar garau take, jirage sun bazu a kan ruwa mai zurfi, ana ta hira a oba-oba, wato rediyon jirage, kamar kullum, kowa na ƙaryar bai kama komai ba. Holger ya saki dalma ta nutse, injin ya yi aiki sumul. Muka yi ta ja. Can sai na lura lambar da ke nuna zurfi tana raguwa, na faɗa masa. Ya leƙo ya ce tudun dutse ne a gabanmu, bari ya ɗago dalmar. Ya kama fedar ya juya. Ta ƙi. A tasha, da babu nauyi, ta juya masa lafiya. Yanzu ko motsi. Ya ce in karkata, na karkata, iska ta mayar da mu. In dalmar ta maƙale a dutse, wayar za ta fizge injin ta tafi da shi ƙasan teku.

Akwai almakashin waya a rataye kusa da shi. Na nuna masa. Ya ce wayar ma ta Viggo ce. Ya ɗauki oba-oba ya kira jirgin Svend, ya ce a ba shi Aksel, injin ya ƙi ɗagowa.

Hirar jirage ta tsaya cak.

"Wane injin?" in ji Aksel. "Na jakin?"

Holger ya buɗe baki, amma Aksel bai jira shi ba. Ya ce ya mayar da fedar baya kaɗan, ya danna ƙaramin ƙarfen da ke ƙasa da gwiwarsa, sannan ya juya. Viggo hannu ɗaya ke gare shi mai ƙarfi, shi ya sa aka yi makullin a gwiwa.

Ƙarfen ya yi ƙas, waya ta fara naɗuwa. Dalma ta fito tana ɗigar ruwa da ɗan ciyayi a jikinta, muka haye tudun ba abin da ya taɓa mu.

Washegari da na zo tasha na tarar da Aksel zaune a sitiyarin shuɗin jirgin da fulas ɗinsa, yana gyara kujerar da na karkatar. Amma ba wannan ake ta maimaitawa a Tejn ba. Abin da ake maimaitawa shi ne, a ranar da muka fita, bayan dalma ta hau jirgi, ba wanda ke bin Holger komai, sai ya sake ɗaukar oba-oba. Wani ya fara tambayar ko kifi na ci a arewa, Holger ya ce ya dakata tukuna. Ya share hannu a wando, ya yi gyaran murya har sau biyu, jiragen tsibirin duka na saurare.

"Aksel, kana ji? Ba jaki ba ne ya ƙera shi. Na yi maka laifi, kai da Viggo. Ka yi haƙuri."