Audugar Kusurwar Gona

Ranar da labarin ya iso mata, Aisatu tana tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Jérémie, maƙwabcinsu na gona, ya tsaya a bakin ƙofa, hularsa a hannu, ya kasa shigowa.

"Uwargida," ya ce, "hatsarin babur ne. A hanyar Garwa. Ilyasu bai sha wahala ba."

Mijinta Ilyasu ya tafi Garwa ne don ya kira malaman gona su zo su ga audugarsa. Shekaru ke nan wata cuta ta cikin ƙasa tana cin gonakinsu a gefen Pitowa. Ganye ya yi rawaya, ya yanƙwane, in aka tsaga karan sai a ga cikinsa ya yi baƙi. Amma duk shekara akwai 'yan tsiraru da ke tsayawa kore shar a tsakiyar matattu. Su ne Ilyasu yake ɗaura wa jan ƙyalle, ya cire audugarsu daban, ya fitar da gurya da hannu, ya shuka a kusurwar gona. Wani malamin gona ya taɓa gaya masa cewa juriyar a jinin irin take, uwa ce ke ba 'ya'yanta. Bana kusurwar ta tsaya gaba ɗaya.

Jérémie yakan tsokane shi. "Malam, ka ɗaura mata ɗankwali, saura lalle." Ilyasu ya yi dariya, bai taɓa yi masa bayani ba. Aisatu kaɗai ta san dalili.

Ta shiga takaba daidai lokacin da auduga ta fashe. Ba ta fita, ba ta barci, gona ba ta zo mata a rai ba. Maƙwabta suka ga farar gona tana zuba ƙasa, suka yi gayya, Musulmi da Kirista, ba su gaya mata ba don kada su dame ta. Suka cire tsaf, suka haɗa tari guda, babbar mota ta kwashe zuwa gidan gurza, inda ake raba auduga da gurya, tare da ta sauran ƙauyuka.

Da yamma Germaine, matar Jérémie, ta shigo da fara'a, auduga duk a gashinta.

"Yaya, mun gama miki! Ko ƙwaya ba mu bari ba."

"Har kusurwa?"

"Ai ita ta fi kyau, Yaya. Da ita muka fara."

Aisatu ta dube ta. Hannayen Germaine duk karce ne, tana jira ta ji abin da za a ce.

"Allah ya saka da alheri," in ji Aisatu. Ta shiga ɗaki ta toshe bakinta da zane.

Da ta fita takaba ta je gidan gurza. Mai gadi ya nuna mata tudun gurya da ya fi masallacin unguwarsu tsayi.

"Wacce ce taki, Mama?" ya tambaya.

Da damina ta shuka irin da aka raba wa kowa. Ya bushe, har kusurwar.

Yanzu kowace safiya, in ta je ɗebo ruwa, takan bi gefen kwalta inda motocin auduga ke wucewa. In ta ga audugar da iska ta zubar ta maƙale a ƙaya, sai ta tsince, ta murza da yatsa, ta fitar da gurya ta jefa a gwangwanin madara, ko za ta dace da irin Ilyasu.