Zaren Mazarin Iya Indo

Hafiza ta diro daga babur a ƙofar gidansu a Daudawa tun ɗan acaɓa bai gama taka birki ba. Shekararta guda a makarantar ungozoma, kai ya cika taf da karatu, duk ta ƙagu ta sami wanda za ta juye wa. Ga kuma Amatullah, matar yayanta Muttaka, da cikin fari wata takwas. Murna dai kamar ta kashe ta.

A inuwar rumbu ta tarar da Amatullah ta miƙe ƙafa bisa tabarma. Kakarsu Iya Indo, wadda ta yanke cibiyar rabin unguwar, tana narka man shanu a murfin kwano.

"Ga likita bokan Turai!" in ji Iya. "Matso ki ga aiki. Kwana ukku ƙahwar nan na kumbure, yau sai na murje ta."

Hafiza ta fara dariya, sai dariyar ta tsaya. Kumburin masu ciki ƙafa biyu yake kamawa, wannan kuwa hagu kaɗai. Ta taɓa sharaɓar, ta ji zafi da tauri. Wuf ta tsinko zare daga mazarin Iya, ta zagaya ƙafar dama ta ƙulla, ta mayar a hagu. Zaren ya kasa haɗuwa, saura yatsu uku.

Gabanta ya faɗi, amma wallahi har da wani daɗi a ciki, ga abin littafi a tsakar gidansu.

"Iya, aje man nan! Gudan jini ne ya toshe jijiya."

"Ke, mi kika sani? Shekara arba'in ina tausa."

"To ki ji. In mace ta ɗauki ciki, jininta na ƙara saurin daskarewa don kada ta zubda shi duka wurin haihuwa. Abin da ke narkar da gudan kuma sai ya yi sanyi. In kika murza, gudan na iya ɓallewa ya tahi huhu, numfashi ya sarƙe."

Iya ta aje murfin kwanon, ta ce a hankali, "Numfashi?" Ɗiyarta Larai ce ta faɗo mata, mahaifiyar Hafiza, wadda ta rasu da tsohon ciki tana haki, aka ce iska ce. Ita ma ƙafa ɗaya ce ta kumbura.

Tsohuwar nan da ke kukan gwiwa kullum, sai ga ta tsaye. "Muttaka! Bar masarar nan ka nemo mota! Kai Muttaka!"

A asibiti hoto ya nuna gudan a bayan gwiwa, yana nan zaune bai motsa ba. Aka sa wa Amatullah allurar tsinka jini kullum. Hafiza ta yi ta tsalle a baranda har wata nas ta harare ta.

Bayan mako biyar Amatullah ta sauka lafiya, mace. Ranar suna gida ya cika da guɗa, Iya kuwa ba ta zauna ba. Duk mai cikin da ta shigo sai ta tare ta da zaren nan, ta ce miƙo ƙafa.

Hafiza ta tsokane ta, "Iya, kin ƙwace mini aiki."

Iya ta naɗe zaren a yatsa, idonta ya kawo ruwa. "Da na san shi tun lokacin uwarki, da yau ita ke rabon waina."