Jan Bakin Geesje

"Riƙe madubin da kyau mana, Riek. Sai karkata shi kike kamar ke ce marar lafiyar."

Na gyara riƙon. Geesje ta zizara jan baki, ta dangwali kaɗan ta murza a kumatun da suka lotsa. Jikanta Wessel ya ɗauke ta cak daga gado ya ajiye ta a kujerar bakin taga, ya cusa mata filo ta ko'ina don kada ta karkace.

"Geesje, asibiti ya kamace ki," na ce.

"In na kwanta asibiti, wa ke gidan? Ke dai ki ja bakinki ki yi shiru. Saura ƙiris."

Shekara talatin muna kallon juna ta taga ni da ita, don a layinmu na birnin Groningen ba a sakin labule sai an yi mutuwa. Wessel shekararsa sha shida. Bara ya karya wa wani yaro muƙamuƙi a tashar bas. Alƙaliyar yara ba ta kulle shi ba, ta yanke masa shekara guda ta gyaran hali a gida, bisa sharaɗin akwai babba mai lafiya da zai tsaya masa. In babu, ko ya saɓa wa mai horar da shi, sai gidan tsare yara. Saura ƙiris shekarar ta cika. Uwarsa ta rasu, ubansa ko a hoto. Geesje ce kaɗai babbar, ciwo kuma ya cinye ta tun bazara.

Duk layin suna ganinta. Su wuce a kan kekunansu, su ɗaga mata hannu, su ce kai, tsohuwar nan ba ta tsufa. Ba wanda zai ƙwanƙwasa, wai ba a zuwa gidan mutum ba tare da an sa rana ba.

Mai horarwar, Thijmen, ya iso kan lokaci kamar kullum, da kwalkwalin kekensa a hannu da murmushin nan nasa da ba ya kaiwa ido.

"Kai, Oma, yau kin yi kyau!" ya ce, yana kiranta kaka da yaren garin.

"Na gode, ɗana. Ga kofi, ga biskit."

Wata da watanni yana zama taku uku daga matar nan, yana shan kofinta, bai taɓa lura cewa ba ta shan nata ba. An koya masa karanta fuskar yara masu faɗa, ta tsofaffi kuwa ba ta cikin darasinsa. Ya dube ni ya ce zaman na iyali ne kawai, na ɗauki madubina na tsallaka titi.

Ina wanke tukunya na ga Wessel ya fito ba ko rigar sanyi, hannuwansa a dunƙule. Na leƙo.

"Gwaggo Riek, don Allah ki shiga ki duba Oma."

"Kai me ya hana ka?"

"Gwajin tsokana muke yi. Yana zagina, ni kuma in daure. Sai na ga kanta ya faɗi gefe, na ce 'Oma!' da ƙarfi. Wai na ɗaga murya. Sai na zagaya bakin ruwa na huce kafin in dawo."

"Uwar bakin ruwa! Koma ciki!"

"In na koma zai kai ƙarata." Muryarsa a ƙasa, a tsare, kamar yadda aka koya masa. "Ta ce in bi duk abin da ya ce. Saura ƙiris."

Ya juya ya tafi. Na ga leɓunansa suna motsi, yana ƙirga numfashi.

Na tarar da Thijmen ya harɗe ƙafa yana latsa waya.

"Malama Riek, ai na gaya miki..."

"Matsa ka ba ni wuri."

"Barci take yi, kada ki tashe ta. Shi kuma Wessel dabara ce yake yi don ya guje wa gwajin. Yaran nan haka suke."

Na kama hannunta. Da sauran ɗumi, amma babu kowa a ciki. Filon da yaron ya cusa mata ne ya hana ta faɗuwa. Na rufe mata ido, na juyo.

"Ta mutu. A gabanka. Kana cin biskit ɗinta."

Ya miƙe, ya yi fari fat. Na ɗauka zai yi kuka, ko ya ruga ya kira yaron. Sai ya ce, "To ke nan babu babba a gidan. Dole in sanar da ofis."

Ban taɓa jin ƙyamar ɗan'adam kamar ranar ba.

"Ni ce babbar," na ce. "Ina da ɗaki."

"Ba haka ake yi ba. Sai an tantance ki, sai an sa rana."

Ban ƙara kallonsa ba. Na je na saki labulen, abin da Geesje ba ta taɓa yi ba tun da na san ta.

Can sai ƙararrawar ƙofa ta yi ƙara. Na buɗe. Wessel ne, kunnuwansa jawur don sanyi, da makullin gidan a aljihunsa. Ya ga labulen tun daga kan kwana, na san ya gani. Ya tsallake ni da ido ya dubi Thijmen.

"Na huce," ya ce. "Zan iya shigowa?"

"Ka yi ƙoƙari sosai, Wessel," in ji Thijmen.

Bayan an binne ta, an sha kofi da kek, maƙwabta sun yi ta cewa ai ba su san ba ta da lafiya ba. Wata farar mota ta zo ta ɗauki yaron, don ranar tantance ni ba ta zo ba. Bai yi gardama ba. Ya miƙa mini makullin, ya shiga baya ya ɗaura bel.

Da yamma na shiga in kashe musu na'urar ɗumama ɗaki. Kujerar tana nan a bakin taga da filolinta. Kofin Geesje na kan tebur a cike, ya yi sanyi, ko ɗigon jan baki babu a bakinsa.