Raɗa a Kunnen Hagu

Abin da Auta ya kwana uku yana tsoro ya tabbata a lokacin da matar da ke tsara shirin gasar talabijin ta nuna musu kujerunsu. Ta zaunar da Yaya a kujerar jagora, wadda ke kusa da mai gabatarwa, shi kuma ta ja hannun rigarsa ta ajiye shi a hagun Yaya. Ya buɗe baki zai yi magana, sai wani ya zo ya maƙala masa makirufo a wuyan riga, wata ta shafa masa hoda a goshi, fitilun sama suka kunnu gaba ɗaya. Kafin ya haɗiye yawu har an fara ɗauka.

Kunnen Yaya na hagu ya shekara shida da mutuwa. Shekara ashirin da biyu yana tsaye kusa da injin yanka katako, ƙarar ta yi ta cin kunnen a hankali har ta gama da shi. A gidansu babu wanda bai sani ba, babu kuma wanda ya taɓa furtawa. Inna idan za ta yi masa magana sai ta zagayo ta damansa kamar mai neman wani abu a kan tebur. Matarsa ta sauya wa kujerun falo wuri, ta ce don iska ta fi shigowa. Shi kuwa Yaya a ganinsa ya ɓoye. A masana'anta shi ne shugaban ma'aikata, kuma da kunne ya yi suna, domin ana cewa tun daga bakin ƙofa yake gane zarton da ya kusa karyewa. Mai masana'antar ba ya barin mai raunin ji a kan inji ko na yini ɗaya. Ga shi yau bakwai daga cikin ma'aikatan sun jeru a layi na biyu cikin 'yan kallo, sun zo ganin maigidansu a talabijin.

Ƙa'idar gasar ba ta da wuya. Mutum biyu daga gida ɗaya suke karawa da mutum biyu daga wani gidan. Idan aka yi tambaya ana ba su daƙiƙa goma su yi shawara cikin raɗa, amma jagora kaɗai ke ba da amsa. Idan muryar ɗayan ta fito a lasifika, an soke makin. Babu biro, babu takarda, babu nuni da hannu. Gidan da ya yi nasara, za a ɗauki nauyin karatun mutum ɗaya a jami'a har ya gama. Wannan karatun ne ya kawo Auta. Shekara huɗu ke nan da ya karɓi difilomarsa, yana tsaye a bayan kanta a wani kantin magani, yana miƙa abin da wasu suka rubuta. Da yake cika takardar shiga gasar, ya zo gurbin jagora, hannunsa ya ƙi rubuta sunansa a saman na wanda ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu. Sai bayan an gayyace su ya kalli wani tsohon shirin da kyau, ya lura da yadda ake jera kujerun.

Tambayar farko ta zo da sauƙi. Mai gabatarwa ya ce yaya ake gane shekarun bishiya idan an sare ta. Yaya bai jira shawara ba, ya ce ana ƙirga zoben da ke cikin gungumen. Layi na biyu ya ɗauki tafi, wani ya yi fito har aka ɗaga masa hannu. Abokan karawarsu 'yan'uwa mata ne biyu, babbar ma'aikaciyar jinya, ƙaramar tela, su ma suka ci tasu ba tare da sun ɓata lokaci ba.

Sai aka tambayi wane ƙashi ne ya fi tsawo a jikin mutum. Auta ya matso, ya kare bakinsa da tafin hannu, ya raɗa cewa ƙashin cinya ne. Ya sake maimaitawa. Yaya bai juyo ba. Ya zauna ƙyam, idonsa a kan kamara, yana gyaɗa kai a hankali irin na wanda ya ji kuma yake auna abin da ya ji. Da ƙararrawa ta buga ya gyara murya ya ce ƙashin baya.

Aka tambayi ƙarfen da yake zama ruwa-ruwa ba tare da an sa shi a wuta ba. Auta ya raɗa zaiba sau uku, har leɓensa ya kusa taɓa kunnen. Yaya ya ce dalma. Aka tambayi yawan ƙasusuwan babban mutum. Ɗari biyu da shida ne, Auta ya san shi kamar sunansa. Yaya ya ce ɗari uku cif. Duk tambayar da suka faɗi sai ta koma wa matan, ma'aikaciyar jinyar ta ɗauke ta tana murmushi. Allon maki ya nuna goma a gefensu, saba'in a ɗaya gefen.

Mai gabatarwa ya jingina da teburinsa ya dubi Auta.

"Malam na kantin magani, wai kai kake ba Yaya waɗannan amsoshin? Gaya mana inda kantin yake, mu san hanyar da za mu riƙa kaucewa."

Ɗakin ya fashe da dariya, har da layi na biyu. Auta ya ji zufa tana ratsa hodar tana gangarowa gefen hancinsa. Ya ce e, shi ne, fitilu ne suka rikita shi. Bai dubi Yaya ba da yake faɗa.

Aka ba da hutun minti goma kafin zagaye na biyu, wanda makinsa ninki ne. Auta ya tashi tun kafin a cire masa makirufo, sai da wayar ta finciko shi baya. Ya sami mai tsara shirin a bayan kamara tana duba takardunta. Ya roƙe ta a sauya musu wurin zama. Ya ce hasken fitilar hagu yana shiga masa ido, ta ce za a karkatar da ita. Ya ce wuyansa ya ƙage, ba ya iya juyawa dama, ta dube shi ta saman tabarau ta ce ai yanzun nan ta ga yana juyawa. Ta yi masa bayani cikin gaggawa cewa kujerar dama ta jagora ce, sauya kujera sauya jagora ne, kuma ba a yin haka a tsakiyar gasa sai da lalurar lafiya. Ko da lalurar ma, dole mai gabatarwa ya sanar da dalili ga masu kallo, don kada ɗaya gidan ya ce an yi maguɗi.

"To, akwai lalura?" in ji ta.

Auta ya waiga. Ma'aikatan bakwai suna tsaye suna ɗaukar hoto da kujerar da Yaya ya tashi daga kai.

"Babu," ya ce.

Ya nufi teburin ruwa, ya ɗauki kofi ya ajiye bai sha ba. Telar ta ce masa idan yana so za ta ba shi aron yayarta na tambaya ɗaya, don kada su koma gida hannu rabbana. Ya yi mata dariyar da ba ta wuce haƙora ba. Ya fita, ya dawo, ya sake fita.

Ya iske Yaya a wani ɗan lungu a bayan ɗakin, inda aka tara akwatunan kayan aiki da wayoyin lantarki. Yana tsaye kafaɗarsa ta dama tana kusa da bango, yana goge wuya da hankici. Tun kafin Auta ya ƙaraso ya fara yi masa faɗa. Ya ce yaro ya yi karatu har difiloma amma yana magana kamar sauro, ya ce tun yana ƙarami haka yake, sai an sa kunne a bakinsa, ya ce in tsoron kamara yake ji ai da sun zauna a gida.

Auta yana so ya ba shi haƙuri, ya ce masa laifinsa ne. Ƙafafunsa kuwa suka yi abin da suka saba yi shekara shida. Ya tsallake wayoyin, ya raɓa ta bayan Yaya, ya cusa kansa cikin ɗan tsakanin da ke tsakaninsa da bango, har rigarsa ta kwashi farar ƙasa, sannan ya buɗe baki. A falo ko a kan titi babu wanda zai lura. A wannan lungun kuwa babu tebur, babu abin da za a ce ana nema.

Yaya ya daina goge wuyan. Ya dubi filin da ke hagunsa, wanda ya ishi mutum uku tsayawa, ya dubi ƙaninsa a manne da bango.

"Tun yaushe?" ya ce.

"Tun shekarar da aka sa sabon injin, Yaya."

"Inna fa?"

"Ita ta fara ganewa."

Yaya ya naɗe hankicin gida huɗu, ya warware, ya sake naɗewa. Auta ya shiga magana da sauri, kalmomin suna tuntuɓe da juna. Ya ce kada Yaya ya damu, su ƙarasa yadda suka fara, ya riga ya ɗauki laifin kuma zai ci gaba da ɗauka. Ya ce ana yin gasar duk shekara, kantin ma ba korarsa aka yi ba. Ya gaya masa sharaɗin da matar ta faɗa, don ya san cewa babu wata hanya sai wadda za ta bi ta kunnen kowa.

Sai Yaya ya tambaye shi amsar dogon ƙashin nan, Auta ya faɗa. Ya tambayi ta ƙarfen, ya faɗa. Ya tambaye shi ko waɗanda aka yi wa matan ma ya sani. Auta ya sunkuyar da kai ya ce ya sani, ban da guda ɗaya.

Aka buga ƙararrawar komawa. Suka shiga, Yaya a gaba. 'Yan kallo sun zauna, matan biyu sun koma wurinsu, mai hoda tana bin goshin mai gabatarwa. Auta ya ja kujerarsa ta hagu ya zauna. Yaya bai zauna ba. Ya dafa bayan kujerar jagora, ya tsaya har mai tsara shirin ta ɗago kai ta yi masa alama da biro cewa lokaci yana tafiya.

Ya yi magana da muryar da yake yi a masana'anta idan inji yana aiki, wadda ba ta buƙatar makirufo. Daga layi na biyu har bangon baya kowa ya ji.

"'Yata, dakata tukuna. Kunnena na hagu ba ya ji, ya daɗe. Ku sanar yadda kuka ga dama. Ƙanena ne zai zauna a nan."