Sunan da ke Gefen Fayil

Loretta ta buga umarnin ls -l a kwamfuta da yatsa ɗaya. Jerin fayiloli ya zubo a baƙin allon, kowanne da sunan mai shi a gefe: wendell, wendell, wendell, har ƙasa.

Shafin intanet ne na shagonsu na kayan kamun kifi a garin Duluth. Mijinta Wendell ne ya gina shi, mutum mai taurin kai da bai yarda da danne-dannen hotuna ba, komai sai ya rubuta. Tun da ya rasu a bazara, kullum da safe sai ta buga haruffan nan, su kaɗai ta iya, ta zauna da kofinta tana kallon sunan. Yanzu ga kamfanin da ke ajiye shafin zai rufe asusun mamacin ranar Juma'a. Ko ta kwashe komai zuwa nata asusun, ko shafin ya bi mai shi.

Darlene, ƙanwar Wendell, ta jawo kujera ta zauna. Ita ce mai ilimin kwamfuta a dangin, kuma ba ta bari a manta.

"Kin buɗe sabuwar jakar fayiloli a asusunki. Saura ki kwafe su ciki. Layi ɗaya ne, Loretta, ba tiyata ba."

Ta leƙa jerin, ta yi tsaki. "Dubi sunayen da ya sa. Sabo, sabo biyu, sabo na gaskiya. Ɗan'uwana ke nan."

Loretta ba ta yi dariya ba. "Sunansa zai biyo su?"

"Hotuna da rubutu duk za su zo."

"Sunansa na tambaya."

Darlene ta cire tabarau tana gogewa da bakin riga. "A'a. Wanda ya kwafa, shi ne mai su."

Loretta ta ji zuciyarta ta karye. Rigunansa ta bayar ba ta yi kuka ba, motarsa ma haka. Amma nan ne kaɗai ya rage inda ake cewa abu nasa ne, ba a ce marigayi ba.

Ta rubuta layin a hankali, Darlene na faɗa mata harafi harafi. Ta danna.

Da aka gama, hannunta ya buga ls -l da kansa. Loretta, loretta, loretta, har ƙasa.

"Kin gani?" in ji Darlene. "Ba abin da ya ɓata."

"E," in ji Loretta. "Ba abin da ya ɓata."