Wasiƙar da Ba Ta Shiga Littafi Ba

Farfesa ya daɗe da ajiye koyar da falsafa, amma sunansa bai kwanta ba. Littafin da ya rubuta a kan gaskiya har yanzu shi ne ke hana ɗalibai sakat idan jarrabawa ta matso. Saboda haka da kamfanin buga littattafai ya turo edita, wata matashiya mai tabarau da saurin magana, ta ce suna so su buga wasiƙunsa, bai yi mamaki ba. Cewa ma ya yi sun makara.

Auta, 'yarsa ta ƙarshe, malamar tarihi ce a sakandare, kuma ana hutu, sai aikin tsara takardun ya faɗo a kanta. Suka baje kwalaye a falo har babu wurin taka ƙafa. Mafi yawa wasiƙu ne tsakaninsa da wani malami da mutanen gidan ke kira Abokin Musu. Rabin rayuwarsu suka kwashe suna jayayya a kan ko ɗan Adam yana da zaɓi. Kowace wasiƙa takan fara da "ɗan'uwana mai daraja", ta ƙare da nuna cewa ɗan'uwan bai fahimci komai ba.

Edita ta duba ta ce, "Waɗannan sun yi, ranka ya daɗe. Amma masu karatu suna son su ga mutumin, ba ƙwaƙwalwarsa kaɗai ba. Babu na iyali?"

Farfesa ya gyara zama. "Akwai waɗanda na rubuta wa mamansu ina karatu a ƙasar waje. Ai a nan ma na fi zurfi. Ga ƙuruciya, ga kewa."

Mama tana tsaye a ƙofar kicin tana goge hannu. Ta shiga ɗaki ta fito da wani tsohon gwangwanin biskit, ta ajiye a gaban Auta, ta samu wuri ta zauna kamar mai jiran a fara wasan kwaikwayo.

Auta ta zaro ta farko ta karanta. "Bayan gaisuwa, sanyin garin nan ba na mutane ba ne. Safar da kika sa mini a jaka duk ta huje."

"Wuce wannan," in ji Farfesa.

Ta biyu a kan cikinsa take, yadda abincin ƙasar ke murɗa masa hanji. Ta gaba a kan kyanwar mai gidan haya, wadda ya ce ta tsane shi ba gaira ba dalili. Wata kuma tun daga sama har ƙasa umarni ne a gaya wa ƙanin Mama ya dawo masa da rediyonsa. Edita ta cire tabarau tana share hawayen dariya.

"Wallahi waɗannan ne littafin," ta ce.

Farfesa ya dubi Mama. "Maman yara, ba ki ɓoye wasu ba?"

"Duk abin da ka aiko yana nan, Malam. Ko ambulan ban yar ba."

Abin ya tsaya masa a rai. Ya wuni yana kai da komowa a tsakar gida, hannu a baya. Ba dariyar Abokin Musu kaɗai yake tsoro ba, ko da yake ita ma tana ciki. Shi dai ya san abin da ya ji a wancan ɗakin mai sanyi, kuma ya rantse ya rubuta shi. Ashe bai rubuta ba.

Washegari da hantsi Mama da Auta suka fita sayayya, shi kuma ya kulle kansa a ɗakin karatu. Da suka dawo ya tare su da wata takarda mai launin ƙasa-ƙasa.

"Ku ga ikon Allah. A cikin wani tsohon ƙamus na tsince ta. Na rubuta a can, na manta ban aika ba."

Auta ta karɓa. Ta juya ta, ta kai hanci. "Baba, wannan takarda tana ƙamshin shayi."

"Tsofaffin takardu haka suke."

"Kuma gefenta bai gama bushewa ba." Ta bi layukan da yatsa, ta tsaya. "Ka ce a nan, 'kamar yadda na bayyana a babi na huɗu.' Baba, ina firamare ka rubuta littafin nan. Ni ce ma na zubar maka da tawada a kai."

Farfesa ya yi gyaran murya irin ta aji. Ya ce gaskiya iri biyu ce, akwai ta abin da ya faru, akwai ta abin da zuciya ta ɗauka, kuma ta biyun ta fi nauyi. Auta ta ce a ajinta duk wanda ya kawo ta biyun sifili yake samu.

Mama ta ajiye ledar hannunta. "Miƙo nan. Ai ni aka rubuta wa."

Ta sa tabaranta ta karanta a tsaye. Da farko tana murmushi, daga baya murmushin ya ɗauke. A ciki ya rubuta yadda yakan tsaya a taga yana kallon mata na wucewa da lema, ya riƙa neman mai tafiya irin tata. Ya rubuta cewa ƙorafin da yake cika takarda da shi, don kada ya ce yana so ya tattara kaya ya dawo ne, domin ya san in ya faɗa, za ta ce ya dawo ɗin.

Ta ninke takardar a hankali. Auta ta sunkuyar da kai tana gyara kwalin da ba ya buƙatar gyara.

"Da na ce ka dawo kuwa," in ji Mama. Ta juya wurin Auta. "Ki kai wa yarinyar nan na gwangwani duka, su buga. Wannan ba ta shiga."

"To ai ita ce mai kyaun," in ji Farfesa a sanyaye.

"Shi ya sa. Sai dai rubutunka ya lalace, Malam, rabi da ƙyar na gane. Ka sake mini ita a farar takarda, ka sa kwanan watan yau. Kuma ka bar mini ganyen shayina."

Ta ɗauki ledarta ta shige kicin. Farfesa ya tsaya jim kaɗan, sannan ya nufi ɗakin karatu. A bakin ƙofa ya waiwayo.

"Auta, yau nawa ga wata?"